Mu Da Ba Mu Da Dutse A Gaya, Ina Za Mu Hau? (Rubutaccen Shirin Wannan Mako)

Mutanen Gaya da Ajingi, mutanen Kademi, Shagogo, Balare, Toranke, har ku da neman abinci ya kai Legas da Fatakwal amma kunnenku yana gida, duk ina gaisuwa.

Yau maganar hawan dutse za mu yi, da ƙafa da kuma keke. Na san wani ya riga ya yi dariya. Zai ce malam, a Gaya wane dutse? Gaskiyarka. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, jigawa ce da fadama, in ka hau rufin soro sai ka hango gonar kawunka. Har cikin raha nakan ce babban dutsen da muka taɓa yi shi ne Farin Dutse, Sarkin Gayan nan da tarihin Kano ya ce ya yi wa Sarkin Kano Dadi bore. Shi ma ɗin mutum ne, ba a hawansa.

Amma ku ɗan dakata. Duk wanda ya san tarihi ya san cewa in ana maganar bin dutse a ƙasar Kano, mu ne ma na gaba. Labarin da Abagayawa suke bayarwa, maƙeran nan na cikin birni, shi ne kakansu wani maƙeri ne mai suna Kano, daga Gaya ya taso yana neman tama, ya yi ta tafiya har ya isa gindin Dala ya zauna. Ka ga kenan mutumin da aka ce birnin ya ci sunansa, ɗan Gaya ne da ya yi tattaki zuwa dutse. Babu mota, babu kwalta, babu ruwan leda. Yau jikokinsa in aka ce mu taka daga tasha zuwa kasuwa sai mu tsaya jiran mai babur.

To bari in fara da abin da ya jawo maganar. Kwanan nan bidiyoyin nan sun cika waya: matasa a Abuja da Jos suna fita ran Asabar da sassafe, kowa da 'yar jaka a baya, su hau dutse su ɗauki hoto. Sai kuma na Turawa, mutum a kan keke yana gangarowa daga tsauni kamar wanda aljanu suka koro. Mutane da yawa sun turo suna tambaya, wai wannan wasan 'yan gayu ne kawai ko akwai wani abu a ciki? Akwai abu a ciki, kuma kuɗi ne ba kaɗan ba.

Shi wannan keken dutse, asalinsa ba kayan masu kuɗi ba ne. A shekarun 1970 wasu samari a jihar Kalifoniya ta Amurka, a wani yanki da ake kira Marin, suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu nauyi da faffaɗan taya, irin waɗanda aka yar, suna gangarowa da su daga tsauni. A 1976 suka fara tsere a wata gangara. Birkin kekunan a cikin cibiyar tayar baya yake, kafin mutum ya kai ƙasa zafi ya ƙone man giris ɗin ƙurmus, sai an kwance an sake cusa wani. Daga wannan sake cusa giris ɗin ma tseren ya samo sunansa. Cikinsu akwai Gary Fisher da Joe Breeze, waɗanda daga baya suka shiga ƙera irin keken da kansu. Shekara ashirin bayan nan, a 1996, wasan ya shiga gasar Olamfik a birnin Atlanta.

Ni abin da yake ba ni dariya, waɗancan kekunan da suka fara da su ba su fi Raleigh da Phoenix ɗin iyayenmu ba. Wane ne a cikinmu bai ga dattijo ya ɗora buhun gero a kariya ba, ya ratsa rairayi daga ƙauye har kasuwa, ga rawani ga babbar riga, ko haki ba ya yi? Mu muna yi don dole. Su suka yi don nishaɗi, suka sa masa suna, suka yi masa doka, suka sayar wa duniya.

Yanzu ga inda garuruwan shaƙatawa suka shigo. Akwai wani gari a Kanada, Whistler, arewa da birnin Bankuba, tafiyar kamar awa biyu a mota. Gari ne na wasan zamiya a kan ƙanƙara, a can ma aka yi wasu daga cikin wasannin Olamfik na hunturu a 2010. Matsalar irin wannan gari ita ce in ƙanƙara ta narke, kasuwa ta mutu. Otal ba kowa, mai abinci ya rufe, ma'aikata su watse. Kamar dai mu ne da rani, in an gama girbi an kai amfani gida, sai zaman majalisa ko cin rani. To a 1999 suka buɗe filin keke a jikin tsaunin. Kujerun nan masu tafiya a kan waya da suke ɗaukar 'yan wasan ƙanƙara zuwa sama, sai aka mayar da su suna ɗaukar mutum da kekensa, ya hau a zaune ya gangaro a guje. Suka fitar da hanyoyi, suka raba su da launi: kore na ɗan koyo, shuɗi na wanda hannunsa ya faɗa, baƙi na ƙwararru. Ga kuma hanyoyin masu tafiya da ƙafa daban. Yau garin yana cika da bazara kamar yadda yake cika lokacin sanyi.

Ku lura da abin da suka sayar. Tsaunin yana nan tun fil azal, ba su suka dasa shi ba. Hanya suka sayar. Hanyar da aka share, aka sa mata alama, aka zana ta a taswira, aka san in ka faɗi wa zai zo ya ɗauke ka. Baƙo ba ya biyan kuɗi don ya ɓata a daji. Kuma fitar da hanya a jikin dutse ilimi ne. Ba a miƙe ta daga sama zuwa ƙasa sak, don ruwan sama zai bi ta ya mayar da ita kwazazzabo cikin damina ɗaya. Karkata ta ake yi tana kewaya jikin tudun, ana bar wa ruwa mafita nan da can. Duk manomin da ya taɓa tare zaizayar ƙasa a gonarsa ya san wannan, ko da bai taɓa jin sunan Kanada ba. Akwai kuma ladabin hanya: mai keke shi yake kauce wa mai ƙafa da mai doki, mai gangarowa ya ba mai hawa hanya.

Ba kuma na ce komai nasu daidai ba ne. Irin waɗannan garuruwa in suka bunƙasa, haya takan yi tsadar da ma'aikacin da yake wanke kwanuka a otal ba zai iya kwana a garin ba. Whistler ɗin ma sun daɗe suna fama da wannan. Mai kuɗi ya zo hutu, ɗan gari ya koma gefe. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu dawo gida Najeriya. In aka ce garin shaƙatawa na kan tsauni, Obudu ce take fara zuwa baki, can jihar Kuros Riba kusa da iyakar Kamaru. Turawa ne suka kafa wurin a matsayin gandun kiwon shanu a 1951, saboda sanyin wurin. Zamanin Gwamna Donald Duke aka zuba kuɗi sosai, a 2005 aka kafa motar nan mai tafiya a kan waya, tsawon kusan kilomita 4, aka kuma fara gasar tseren hawa tsaunin, wadda ta riƙa jawo 'yan gudu daga Habasha da Kenya da Turai. Kowa ya yaba. Daga baya fa? Motar wayar ta shafe shekaru a tsaye, gasar ta daina gudana, jaridu suka yi ta rubutu a kan yadda wurin ya koma. Kowace gwamnati ta zo da alƙawarin farfaɗowa.

Shi ya sa ni in na ji an ce gwamnati ta zo ta gina mana katafaren wurin yawon buɗe ido, gabana faɗuwa yake. Mun iya gini, riƙo ne ba mu iya ba. Mu nan Kano muna da namu misalin, ku tambayi iyayenku yadda otal ɗin Bagauda da na Tiga suke a da, lokacin da ango da amarya suke zuwa can hutu. Abin da ya dogara da injin da sai an yo odar kayan gyaransa daga waje, ranar da mai sha'awarsa ya bar kujera ranar ya fara mutuwa. Hanyar ƙafa kuwa fatanya da adda take buƙata, sai mutanen da suka damu da ita.

A Arewa muna da tsaunuka na ji da gani. Tsaunin da ya fi kowanne tsawo a ƙasar nan, Chappal Waddi, mita 2,419, yana jihar Taraba cikin gandun dajin Gashaka Gumti. Ga duwatsun Shere a Jos, inda makarantar horar da matasa ta gwamnatin tarayya take, waɗanda suka yi Man O' War sun san wurin. Ga Kufena a Zariya. A cikin jihar Kano kanta, in kana son tsauni na gaske sai Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, tsohon garin haƙar kuza, ga sanyi ga tuddai ga ruwa yana gangarowa da damina. In da za a ce wane gari ne a Kano ya dace ya zama irin garuruwan da muke magana, ni Riruwai zan nuna ba tare da na yi dogon tunani ba.

Sai dai kowa ya san hanyar can ta dajin Falgore take bi, kuma kowa ya san labaran da aka sha ji a kan dajin, har sai da sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Ba ina tsorata ku ba ne, mutane suna bin hanyar kullum. Amma kada wani ya ga bidiyo ya kwashi abokai biyar su shiga daji ba tare da sun tambayi mutanen wurin halin da ake ciki a satin ba. Dubi Kwatarkwashi a Zamfara, dutse mai tarihi da kyan gani, yau wa zai ce maka je ka hau don nishaɗi? Rashin tsaro ba rayuka da dukiya kaɗai ya ci mana ba, har da irin wannan ɗan sararin da matashi zai fita ya sha iska.

To mu na Gaya, me yake kusa da mu? Abu uku zan ambata, amma ɗaya ne zan daɗe a kansa.

Na farko Dala da Goron Dutse, in ka shiga birni. Dala ba wani tsawo gare shi ba, akwai matakala, mai ƙarfi cikin 'yan mintuna ya kai sama. Amma in ka tsaya a can ka ga birnin Kano ya bazu ko'ina, ka tuna nan ne Barbushe yake hawa, nan ne aka narka ƙarfe fiye da shekara dubu da suka wuce, jikinka sai ya yi sanyi. Abin takaici shi ne yadda gidaje suka matse shi, ga zaizaya, ga shara, ga waɗanda suka mayar da wasu lungunansa abin da ba sai na faɗa ba. Mutum nawa ne a cikin masu saurarena aka haifa a jihar Kano, suka kai shekara ashirin da biyar, ba su taɓa hawa Dala ba? Ku amsa wa kanku, ba sai kun ɗaga hannu ba.

Na biyu Birnin Kudu. A can akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen da suka yi zanen shanu a jikin dutse, zanen da ya jawo masu bincike tun shekarun 1950, yanzu kuma yana ƙarƙashin hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa. Akwai ma duwatsun da in ka ƙwanƙwasa suke ƙara kamar ƙararrawa. Don Allah wanda ya je, ya bar gawayi da fenti a gida. Ba wanda ya matsu ya san cewa kai da masoyiyarka kun zo.

Na uku, wanda shi ne a bakin ƙofarmu: Dutse. Daga Gaya in ka kama titin nan na Maiduguri ka nufi Shuwarin, ko awa ɗaya ba za ka yi a mota ba. Gari ne da sunansa ma ya gama bayani. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991 aka mayar da shi babban birni, mu kuma muka mayar da shi wurin zuwa sakatariya da asibiti da jami'a. Muna wucewa ta gindin duwatsun nan kullum, ko ɗaga kai ba ma yi. Alhali tsohon garin, Garu, a tsakiyar duwatsun yake zaune, ga itatuwan dabino a kwari, ga fale-falen duwatsu da aka ɗora wani kan wani kamar da hannu. Da sassafe lokacin hunturu, in hazo bai yi yawa ba, wallahi wurin ba ya buƙatar a yi masa kwalliya a waya. Ga ɗalibai dubbai a Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, ga na jami'ar Wudil a ɗaya gefen, mu muna tsakiya. Waɗannan su ne kasuwar, ba sai an jira Bature ba.

Yanzu ga abin da yake hana ni barci a wannan magana. Dutse ba ya tsirowa. Duk tifar tsakuwa da ka gani a titi, wani dutse ne aka fasa. Ban ce a daina gini ba, ni ma ina son ɗakin siminti, kuma masu fasa dutse da guduma a rana iyalinsu suke ciyarwa, ba wanda ya isa ya raina musu. Amma ya kamata a zauna a ware: wannan na fasawa ne, wancan kuma mai tarihi ko mai kyan gani a bar wa jikoki. Dutsen da aka sayar wa kamfani sau ɗaya ake cin kuɗinsa. Wanda aka bari ana hawa, yaron ƙauyen zai ci kuɗin rakiya bana, ɗansa ma ya ci. In ba a yi wannan rabon da wuri ba, mai nakiya ne zai yanke mana hukunci.

Haka maganar take a nan cikin Gaya da Ajingi, sai dai mu namu ba dutse ba ne, hanya ce. Abin da muke da shi na keke shi ne 'yan siraran hanyoyin nan da suke haɗa ƙauye da ƙauye, da burtali, da gefen fadama ta wajen kogin da ya taso daga Wudil ya nufi Ringim da Haɗeja. Kada ku raina su. Yanzu a duniya akwai masu sayen keke na musamman don kawai su bi hanyar da ba kwalta, a fili ba tsauni. Ruwanda ta buɗe wata hanya a 2011 a gefen tafkin Kibu, kilomita 227, ƙauyuka kawai take ratsawa, mutum ya kwana nan ya ci abinci can, kuɗin yana faɗawa hannun talakawan wurin. Ƙasar nan ce kuma ta karɓi gasar keke ta duniya a Kigali a watan Satumba na 2025, karon farko a Afirka. Ga Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ci rigar kore a babban tseren Faransa a 2024. Yaron Asmara ne, garin da keke yake abin hawan kowa da kowa, kamar yadda Kano take a da.

Amma burtalin namu yana nan? Kowace damina sai an ɗan ƙara kunya ɗaya a ciki, wannan ya ci taku biyu, maƙwabcinsa ya ce ai ni ma ba a bar ni a baya ba. Hanyar da garke guda yake wucewa a da, yau amalanke da ƙyar. Daga nan ne rigimar manomi da makiyayi take farawa, saniya ba ta tashi sama. Ka ga kenan mai son hawa keke da Bafulatani mai kora da yarinyar da take tafiya makaranta a ƙauyen gaba, duk buƙatarsu ɗaya ce, a bar hanya a buɗe. Ni a ganina ko don wannan kaɗai ya isa matasa su riƙa bin hanyoyin nan a ƙungiyance, suna ɗaukar su a taswirar waya. Hanyar da aka sani, aka rubuta, tana da wuyar haɗiyewa a ɓoye.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, keke ya dawo da kansa ba tare da wani ya yi masa talla ba. Malamin makaranta ya jingine babur, ma'aikaci ya kakkaɓe tsohon keken babansa. Abin da ya rage shi ne kunya. Har yanzu saurayi yana ganin in budurwa ta gan shi a kan keke ajinsa ya zube. Ɗan'uwa, a ƙasashen da kake mafarkin zuwa, mai kuɗin ne yake fita da keke ran hutu, don likita ya ce masa ko ya motsa ko hawan jini da ciwon suga su motsa shi. Mu ma ciwukan nan sun shigo gidajenmu, ba sai an kawo mana lissafi ba, kowa ya san wanda yake shan magani kullum.

Wanda yake son farawa, ga abin da zan ce. Lokaci shi ne daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu, bayan an kawar da amfanin gona, kafin zafi ya sauko. Watan Maris zuwa Mayu zafin nan yana haura digiri 40, ba lokacin nuna jarumta ba ne. A fita bayan sallar asuba, kafin ƙarfe goma sha ɗaya an dawo inuwa. Ruwa ya fi komai, a ɗauki fiye da abin da ake zaton za a sha, a haɗa da ƙullin gishiri da sikarin nan na kemis, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli. Da damina dutse santsi yake, wanda ya hau falalen dutse bayan ruwa da silifas, to ya shirya wa mai ɗori.

Keke kuwa ba sai sabo ba. Na gwanjo mai faɗin taya da giya ya wadatar, abin dubawa shi ne birki, gaba da baya. A rairayi a ɗan rage iskar taya, a sa giya mai sauƙi, kada a danne birkin gaba. Babban abokin gabarku a ƙasarmu ba gangara ba ce, tsidau ne da ƙayar aduwa. Wanda ya fita ba faci ba famfo, zai dawo yana tura keke yana tsine wa shirin nan. Hular kwano kuma dole ce, ku bar masu dariya su yi, kai ɗaya gare ka.

A jikin dutse kada a cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin dutse, nan kunama da maciji suke fakewa. Kububuwa tana ƙasar nan, ba a banza ake ce mata gobe da nisa ba. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaurewa tamau. A cire zobe ko agogo, a hana wurin motsi, a nufi asibiti kai tsaye. Shi ya sa ba a fita mutum ɗaya, kuma kafin a fita a gaya wa na gida inda aka nufa da lokacin dawowa.

Sai maganar da na ce a riƙe. Duk dutse da duk hanya suna da masu su. Kafin ku shiga, ku je ku gaida mai unguwa ko dagaci, ranka ya daɗe ga abin da ya kawo mu. A halin da ake ciki yanzu, samari goma baƙi da jakunkuna a baya suna zagaye ƙauye ba sallama, kun san abin da za a ɗauke ku. Ku nemi yaron garin ya yi muku jagora, ku biya shi kuɗi na mutunci, ba na goro ba. Ku sayi fura a wurin, ku sayi ƙosai a wurin, kada ku cika jaka da kayan kanti daga birni ku bar musu leda. A wasu wuraren akwai maƙabarta, akwai inda mutanen gari ba sa son a taka, in an ce kada a bi nan a bari. Kada a ɗauki matan mutane hoto suna ɗiban ruwa. Kuma wannan lasifikar da ake ratayawa ana kiɗa har saman dutse, haba jama'a, kun baro hayaniya ne ko kun kawo ta?

'Yan'uwa mata sun yi tambaya a kan ko su ma da su. Tattaki ai ba na maza kaɗai ba ne, iyayenmu mata sun fi mu tafiyar ƙasa nesa ba kusa ba. A shirya shi yadda gida za su aminta: da izini, a ƙungiya, da yayye ko malamai, wuri na kusa, a dawo da wuri. Makarantun Islamiyya da na boko da suke kai yara gidan zu da gidan Makama, me zai hana wata shekarar a kai su Dala ko Birnin Kudu?

Ga abin da nake nema daga wurinku kafin shiri na gaba. Duk wanda ya san wata hanyar ƙauye mai daɗin bi a Gaya ko Ajingi ko Albasu, ya turo mana: daga ina ta tashi, ina ta ɓulle, akwai rairayi mai yawa ko babu, akwai rijiya ko famfo a hanya, kuma wa ake gaisarwa in an isa. Mutanen Dutse ku ma ku faɗa mana wane dutse ne ake hawa, wanne ne ba a so a hau. In sun taru za mu karanto su ɗaya bayan ɗaya, mu zaɓi guda mu gwada ran wata Asabar in sanyi ya shigo. Masu gyaran keke na bakin kasuwa, ku ma muna son jin ta bakinku a kan irin tayar da take jure ƙaya.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, maganar cin rani za mu yi, da waɗanda suka tafi da waɗanda aka bari a gida.